Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Tsinken Gwajin Suga Ya Ba Ni Sakamako Biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyata tana fama da ciwon suga, kuma ni nake yi mata gwaji a gida. Wata safiya kafin ta karya kumallo na gwada ta sau biyu a jere, na farko ya nuna 142, na biyu 155. Shin na'urar ce ta lalace, ko kuwa tsinkayen ne jabu? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri. Wannan tazarar ba abin tayar da hankali ba ce, domin ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan na'urorin gwajin suga, wato ISO 15197 ta shekarar 2013, ta amince na'urar gida ta sha bamban da awon ɗakin gwaje-gwaje da kashi 15 cikin ɗari idan suga ya kai 100 mg/dL (ma'aunin yawan suga a jini) ko ya wuce. Wato idan ainihin sugan jinin 150 ne, na'ura mai kyau za ta iya nuna 130 ko 170.

Abin da ya fi cancantar kulawarka shi ne tsinken kansa. A bakinsa akwai wani sinadari da ke haɗuwa da sugan da ke cikin ɗigon jini ya haifar da 'yar ƙaramar wutar lantarki, ita ce na'urar ke aunawa ta mayar da ita lamba. Wannan sinadari ba ya jure zafi da laima, shi ya sa yawancin kamfanoni ke gargaɗin kada zafin ma'ajiyarsa ya wuce digiri 30, alhali a bazara garuruwanmu kan haura 40. Tsinken da ya wuni a cikin mota, ko wanda aka bar murfin robarsa a buɗe da damina, zai iya yaudarar mutum ko da wa'adinsa bai ƙare ba. Saboda haka ban ga hikimar sayen tsinke ɗai-ɗai a cikin leda ba, komai arharsa. Ka kuma tabbatar na samfurin na'urarka ne, domin tsinken OneTouch ba ya aiki a Accu-Chek, sannan ba a maimaita tsinken da aka riga aka ɗiga wa jini.

Kafin a soki gefen yatsa, a wanke hannu da sabulu a busar da shi sosai, domin ɗanƙon dabino ko mangwaro kaɗai ya isa ya ɗaga lambar.

Amma lambobin biyu da ka samu, 142 da 155, duk sun zarce 80 zuwa 130, wanda shi ne mizanin da ake so ga yawancin masu ciwon suga kafin cin abinci. Ka riƙa rubuta sakamakon tare da lokacin gwaji har na mako guda, sannan ka kai wa likitanta tare da na'urar domin a kwatanta da awon asibiti. Idan kuwa lambar ta taɓa sauka ƙasa da 70, a ba ta abin sha mai zaƙi nan take muddin tana cikin hayyacinta, a sake gwadawa bayan minti 15.