Amsa ga Malamar da ta yi tambaya kan darasin ƙwarangwal

Wa alaikumus salam Malama. Wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru. Kin ce an ba ki darasin ire-iren ƙwarangwal na dabbobi, makarantar ba ɗakin gwaje-gwaje, yara sun haddace sunaye uku amma ba abin da suka gane, ga mai duba ki zai zo mako mai zuwa. 'Yar'uwa, a kan wannan darasin aka sa ni kuka a nan Sakkwato lokacin da nake koyarwar gwaji.

Kwana na yi ina zane a kwali. Na shiga aji na jero bayani tiryan-tiryan: na ciki, na waje, na ruwa. Mai dubawa yana can baya zaune da fayil. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, kunkuru hwa, wane iri na?" Ni kuma da na tuna ƙoƙon nan a waje yake, sai na ce na waje ne. Mutumin nan bai bari an tashi ba. Ya taso har gaban allo, ya karɓe allin hannuna, ya ce yara su soke abin da na faɗa, wai irinmu ne ke kashe ilimi. A gaban yaran da gobe ni zan dawo in tsaya gabansu! Gyaransa daidai ne, ban musa ba. Amma me zai rage shi da ya kira ni ofis? Ina jin 'yan matan layin gaba suna ƙus-ƙus, hannuna na rawa, na rasa inda zan sa idona. Ya koma ya rubuta abin da zai rubuta, ya fice ko sallama babu. A kan kabu-kabu na yi ta share hawaye da hijabi har gida, kuma sai da na yi kwana biyu ban iya cin abincin kirki ba. Har yau in na ga kunkuru gabana sai ya faɗi. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

Don haka ki riƙe wannan tun yanzu: ƙoƙon kunkuru ƙashi ne. Haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka faɗaɗa suka haɗe, ɓawo ya lulluɓe su, shi ya sa ba ya iya fita ya bar ƙoƙon. Cikin masu ƙwarangwal na ciki yake.

Abin da ya cece ni daga baya shi ne na daina dogara da kwali. Ki sa yara su kamo miki fara mai rai, kar ki sayi soyayya, ita an cire mata fiffike. Su danna bayanta su ji tauri. Wannan ɓawon na kaitin (wani sinadari mai tauri) shi ne ƙwarangwal ɗinta na waje, tsokarta daga ciki take manne da shi, da ita take harba ƙafa ta yi tsalle. Shi ne kuma ke hana ruwan jikinta ƙafewa, ki tuna musu zafin Afrilu a garin nan da ke haura digiri 40. Matsalarsa ba ya girma tare da ita, dole ta yi saɓa. Ki tambaye su wa ya taɓa ganin farin kyankyaso, za ki ga hannuwa sama. Ba wani jinsi ba ne, saɓa ya yi, sabon ɓawon bai yi ƙwari ba tukuna. Kunama ma haka take, amma don Allah kar ki bari wani ya ce zai kawo ta.

Na ruwa kuwa, misalinsa tana ce, ki aika a tono a fadama wajen Kwalkwalawa, a sako ta cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, don ta fata take numfashi, in ta bushe mutuwa za ta yi. Ruwan cikin jikinta shi ke riƙe ta. Tsoka ɗaya ta matse ta sai ta yi tsawo ta sirance, ɗayar ta ja sai ta gajarce. Ki cika doguwar balan-balan da ruwa ki ba su su matsa, nan take za su gane.

Na ciki ya fi sauƙi. Ki je wurin mahauci ki ce ya ba ki ƙafar akuya da gaɓarta, kar ya sassara. Su ga farin guringuntsi mai santsi da ke hana ƙashi gogar ƙashi. Ki haɗa da ƙafar kaza, ki ja farar jijiyar nan, yatsun su dunƙule. Ranar da na yi wannan har yaron da ya yi tambayar kunkuru sai da ya taso ya ja da hannunsa. A nan za ki ce musu tsoka ja kawai take yi, ba ta turawa, shi ya sa suke aiki bibbiyu. Kariya kuma, su shafa kansu da haƙarƙarinsu su faɗi me ke ɓoye a ciki. Za su tambaye ki raƙumi, tunda suna ganinsa a kasuwar dabbobi ta Kara: tozonsa kitse ne ba ƙashi ba, ƙasusuwan wuyansa 7 ne kamar namu, tsawo kawai suka fi. Babban mutum kuma ƙashi 206 gare shi.

Kuma ranar ki karya kumallo kafin ki fita, ni da yunwa na shiga. In an yi tambayar da ba ki da tabbas, ki ce kowa ya binciko a kawo gobe. Ina da ƙoƙon kunkuru a ajiye, in kika juya shi ana ganin ƙashin bayan manne daga ciki. Ki yi mini magana ta akwati in aiko miki kafin ranar.