Kai kaɗai ne likita a garin, ya za ka tara makin sabunta lasisi?

Likita, na ji tambayarka: kai kaɗai ne a asibitin ƙauye, ba ka iya barin marasa lafiya ka tafi birni taro, ga MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisin aiki a Najeriya, tana neman maki 20 na ƙarin ilimi kowace shekara kafin sabunta lasisi.

Na ɗanɗana wannan. Akwai ranar da na shirya tafiya taro, har na ɗora jaka a bayan babur, sai ga mai naƙuda an kawo ta cikin amalanke tana jijjiga. Tafiyar da ba a yi ba ke nan.

Abin da ya fisshe ni shi ne laccocin intanet. Nemi waɗanda reshen ƙungiyar likitocin Najeriya (NMA) na jiharku ke shiryawa, ka kuma tabbatar MDCN ta amince da mai bayar da makin kafin ka biya ko sisi. In sabis ba ƙarfi, kashe bidiyo ka saurari murya kawai.

Amma don Allah ka zaɓi laccoci kan abin da kake gani kullum: zubar jini bayan haihuwa, tsananin zazzaɓin cizon sauro a yara, saran maciji. Ka zaunar da ungozoma da ma'aikatan jinya ku saurara tare, domin su ne ke tarbar mara lafiya da tsakar dare kafin a taso ka.