Kar ka taɓa min karen nan, hancinshi ne ke aiki

Yarona na ji saƙonka. Ka ce karenka Barsu shina bin matar yayanka shina sunsunar zanenta duk sadda take hwashin salla, kuma ranar da barandami ya sare ka a ƙahwa can dajin Baban Rafi ya lashe jinin, yanzu mutanen gida sun ce kare in ya ɗanɗani jinin mutum ya zama mugu sai a kashe shi. Kar ka taɓa min karen nan.

Sama da shekara 30 ina tada karnukan hwarauta, abin da na sani shi ne hanci shi ne sana'ar kare. Masana sun ce ƙwayoyin jin wari a hancin mutum wajen miliyan 6 ne, na kare kuwa suna kai har miliyan 300, kuma bisa ganɗarshi akwai wata ƴar kahwa ta daban mai ɗaukar warin jiki. Kare da ke bin sawun zomo da ya wuce tun asuba cikin rairayin Gulbi, kana zaton jinin al'ada zai ɓoye mishi? Lokacin nan warin jikin mace na sakewa, ga jinin ga gumin hammata da matse-matsi, shi kuma tsawonshi daidai nan ya tsaya, sai shi kai hanci. Haka suke ma mai jego da mai ciki. Ba maita ba ce ba iskoki ba ne, labari yake nema kawai. Maganar da wasu mahwarauta ke yi wai mai haila in ta taɓa kare ya rasa sa'ar dawa, ni matan gidana ke ba nawa tuwo kullum, kuma ba mu daina shigowa da nama ba.

Amma dai abin kunya ne ga matar yayanka, sai ka horas da shi. Ka sa mishi igiya, in ya nuhe ta ka ce "bari" da tsawa guda, ka kira shi, in ya zo ka ba shi ɗan ƙashi. Kar ka buge shi a hanci, na ga yara sun lalata karnuka masu kyau da haka har kare ya riƙa tsoron sa hanci ƙasa. Ƙunzugu da audugar mata kuma a ƙone ko a rufe inda bai kaiwa, in ya haɗiye tana iya toshe mishi hanji.

To abin da ya tada min hankali ni ba wannan ba ne, lasar ciwon nan ce. Wa ya ce ma ka miƙa mishi ƙahwa? Na san ana cewa miyan kare magani ne, ni ma da ƙuruciya na yarda, ƙahwata ta kumbura ta yi ruwa sati uku ban taka ba. Bakin da ke cin mushe cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma ciwon haukan kare ta miyau yake shiga, ba sai da cizo ba, lasa bisa buɗaɗɗen ciwo ta isa. Hukumar lahiya ta duniya, OMS, ta ce shina kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, mahi yawa a Afirka da Asiya, kuma in alamu sunka hito kusan babu mai tashi. In haka ta sake hwaruwa ka wanke wurin da ruwa da sabuni minti 15 cur, ba watsa ruwa ba, sannan ka tahi likita. Yau ɗin nan ma ka tahi su duba, ka gaya musu kare ya lasa kuma ƙarhe ne ya yanke ka, don maganar allurar tetanos, ciwon nan mai sandare jiki.

Inda jini ke sa kare cizo shi ne in sun taru bisa nama suna gardama ka sa hannu tsakani, ko shi kanshi ya ji rauni ka dafa wurin, nan ko ni mai shi sai shi kama ni, shi ya sa nike ɗaure baki da tsumma kahin in duba.

Barsu ka ɗaure shi gida kwana 10 kana lura da cinshi da shan ruwanshi. Tun shina wata 3 ya kamata a yi mishi rigakahin hauka, kuma ana sakewa kowace shekara, na san ba ka yi ba. In kwanakin sun cika ka kawo shi mu tahi wajen likitan dabbobi tare da nawa biyu.