Za ku iya kai ƙara, amma ku riƙe takardun asibiti

Malam, tambayarka ita ce ko kuna da hurumin neman diyya bayan hayaƙin sinadari ya ɓalle daga wata masana'anta kusa da ku a Agege, yara suka kwana suna tari. Kuna da shi. Ku fara kai koke a rubuce ga LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Legas, wadda ke da ikon rufe masana'anta, ku aika kwafi ga NESREA, takwararta ta tarayya. Diyya kuwa za ku iya nemanta a Babbar Kotun Jiha, kuma mutum biyu ko uku za su iya shigar da ƙara a madadin unguwa gaba ɗaya. In kuɗin lauya ya gagara, akwai OPD, ofishin lauyoyi na gwamnatin jiha da ke taimaka wa marasa ƙarfi kyauta.

Sharaɗin shi ne hujja. A unguwarmu an taɓa yin irin haka, mutane suka sha manja da madara suka kwanta, ba wanda ya je asibiti. Da aka zo maganar diyya, babu takardar likita ko ɗaya. Ku ɗauki hoto yau, ku ajiye rasit da takardun asibiti, kuma kada mai unguwa ya sa hannu a kowace takardar sulhu kafin lauya ya karanta.