Da Cessna 172S na koyi tuƙin jirgin sama, shin zan iya hawa tsohon 172M?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Da Cessna 172S na yi horo har na sami lasisi, amma jirgin da zan ɗauka haya yanzu 172M ne, ƙirar 1974. Mai jirgin ya ce duk 172 ɗaya ne, in hau kawai. Ni kuwa shekarun jirgin ne suke ba ni tsoro, domin ya girme ni nesa ba kusa ba. Shin abin amincewa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Shekarun jirgi ba su ne abin tsoro ba, matuƙar littattafan gyaransa sun nuna ana yi masa binciken shekara-shekara, an bi umarnin hukuma, kuma babu tsatsa a jikinsa. Ka nemi littattafan ka karanta, idan aka hana ka, ka nemi wani jirgin.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne maganar mai jirgin, domin kullum sai na ji ta a bakin masu ba da haya da matuƙan da suka ɗauki daɗewa a sana'a a matsayin ilimi. Tun 1956 ake ƙera 172, an yi fiye da 44,000, kuma sunan ne kawai bai canza ba. Na farko-farko injin Continental mai ƙarfin doki 145 ke gare su, a 1968 aka koma Lycoming mai 150. Kamfanin Cessna ya daina ƙera shi a 1986 saboda nauyin shari'o'in diyya, bai dawo ba sai bayan dokar da Amurka ta yi a 1994 ta taƙaita wa'adin kai ƙara zuwa shekara 18. Jirgin da ya dawo, wato 172R sannan 172S a 1998, injekta gare shi, shi kuwa 172M da kafireta yake aiki.

A nan hatsarin yake. Hannunka bai taɓa sabawa da maɓallin ɗumama kafireta ba, saboda babu shi a jirgin da ka koya. Iska tana yin sanyi ƙwarai a maƙogwaron kafireta yayin da fetur yake zama tururi, har ƙanƙara ta iya taruwa ko da zafin waje ya haura digiri 20, muddin akwai laima, musamman idan ka rage wuta kana gangarowa. Masu cewa ƙanƙara matsalar ƙasashen sanyi ce kaɗai ba su san abin da suke faɗa ba. Alamar farko ita ce juyin inji ya riƙa raguwa a hankali. Idan ka ja maɓallin, injin zai ƙara gargada na ɗan lokaci saboda yana haɗiye ruwan da ya narke, kuma a daidai nan ne wanda bai sani ba yake firgita ya mayar da maɓallin, ƙanƙarar ta ci gaba da taruwa har injin ya mutu.

Nauyi ma haka. 172S yana tashi da fam 2,550 da ƙarfin doki 180, shi kuwa 172M iyakarsa fam 2,300 da doki 150. Kujeru huɗu ba izini ba ne na ɗaukar manya huɗu da cikakken tanki, kuma lissafin da ka haddace a makaranta ba na wannan jirgin ba ne. Fulaf ɗinsa, wato ɓangaren bayan fiffike da ake lanƙwasawa ƙasa don rage gudu, yana sauka har digiri 40, ba 30 da ka saba ba, don haka idan ka fasa sauka ka manta ka rage shi zuwa 20 nan take, da ƙyar jirgin zai hau. Ka kuma duba agogon gudu, domin ƙirar waɗannan shekarun da mil na ƙasa take ƙidaya, ba mil na teku da ka saba da shi ba, wanda ya fi tsawo, kuma wanda ya ɗauki lambar wannan ya ɗora wa wancan zai tunkari titin sauka da gudun da bai kai yadda yake zato ba.

Kada ka ɗauki fasinja sai ka karanta littafin wannan jirgin da takardar nauyinsa, sannan ka tashi da malamin da ya san 172M, ku yi atisayen ɗumama kafireta da fasa sauka da cikakken fulaf har hannunka ya riƙa kai wa maɓallin da kansa. Idan mai jirgin ya ce ɓata kuɗi ne, ka tambaye shi ko zai yarda ya zauna a kujerar baya.