Wane jak ya dace da motar haya mai ɗakin kwana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Bauchi. Na sayo tokumbo daga Kwatano, Fiat Ducato irin wadda Turawa ke yawon buɗe ido da ita, mai gado da kicin da tankin ruwa a ciki. Niyyata in riƙa ba da ita haya ga masu zuwa Yankari, sai dai ba ta zo da jak ba. A kasuwa an nuna mini mai tan 2 da araha, da mai tan 6 da ɗan tsada. Kwastan da gyare-gyare sun cinye jarin. Mai tan 2 ba zai wadatar ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka, ya tsare hanya. A gaskiya ban so ka yi tsimin kuɗi a wannan wuri.

Kafin ka koma kasuwa, buɗe bonet ko ka duba ginshiƙin ƙofar direba, za ka ga wani ɗan faranti da aka buga lambobi a kai. A motocin Turai lamba ta farko ita ce iyakar nauyin motar da lodinta, kuma galibin irin taka kilo 3,500 ne, domin nan lasin ƙaramar mota ya tsaya a can. Ƙasa kaɗan akwai layi mai lamba 1 da mai lamba 2. Na 1 iyakar nauyin da tayoyin gaba za su ɗauka ne, na 2 na baya, wanda a Ducato yakan kai wajen kilo 2,000. Wannan ta bayan ita za ka riƙe.

A takarda, taya ɗaya na ɗauke da rabin wannan, kilo 1,000, don haka mai shago zai rantse maka mai tan 2 ya isa har da saura. Lissafinsa na motar da ke tsaye daidai kan siminti ne, lodinta a rabe daidai. Taka kuwa za ta yi faci ne a gefen titi bayan Dindima, a karkace, tanki cike (lita 100 na ruwa kilo 100 ne cif), ga tukunyar gas, ga janareta, ga kayan iyali duk an jibge su ɓari guda. Kuma da zarar jak ya fara ɗagawa, nauyi yakan ƙara komowa kansa. Bar batun lambar da ke jikin wasu masu arahar, wadda sitika ce kawai aka manna. Ni dai shawarata jak mai kama da kwalba, mai aiki da mai, daga tan 4 zuwa 6. Mai almakashi na ƙananan motoci ka manta da shi.

Amma ga inda mutane da yawa ke asarar kuɗinsu: girman jak na tafiya da tsayinsa. Ka sace iskar tayar baya gaba ɗaya a gida, ka sa tef ka auna daga ƙasa zuwa wurin da kamfani ya ware don kafa jak. Idan jak ɗin da ka saya ya fi wannan rata tsawo, ba zai shiga ba ranar da ake buƙatarsa, ko da tan 20 ne. Sannan ka tabbata in ya miƙe zai ɗaga motar har sifiya mai cikakkiyar iska ta shiga. Je da motar shagon, a ɗaga ta a gabanka, ka ja layi da alli a jikin sandar jak ɗin da ke ɗagowa, ku yi hira ta minti goma. In layin ya nutse, yana yoyo, ajiye musu kayansu.

Idan ka ga wasu ƙafafu na naɗewa a ƙarƙashin bayan motar, na hana ta rawa ne lokacin da ake kwana a ciki. Gargaɗi direbanka kada ya kuskura ya ɗaga mota da su, lanƙwashewa za su yi.

Ta fuskar jari kuwa, bambancin kuɗin jak biyun nan da wuya ya kai hayar kwana ɗaya. Jak ya zame, ka tashi da kuɗin janwe, da gyaran birki ko tanki, da mayar wa mai haya kuɗinsa, shi kuma ya ba da labarinka a WhatsApp. Balle a ce hannun mutum na ƙasa, Allah ya kiyaye. In aljihu ya yi zafi, ɗage sayen labule da talabijin zuwa wata mai zuwa.

Ka haɗa da ƙafar ƙarfe guda biyu ta tokare mota, domin ba a shiga ƙarƙashi a kan jak kaɗai, da katako mai kauri da za a ɗora jak a kai a yashi, da abin tare taya. A ajiye jak ɗin a tsaye, kuma kada bakanike ya zuba masa man birki, yana cinye robobin ciki. Duk waɗannan ka rubuta su a takardar haya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin kowanne, mai haya ya sa hannu, a ƙirga a gabansa ranar fita da ranar dawowa.