Me ya sa katangar da na yi a kwamfuta take fitowa kamar an jera tayil?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon Blender, manhajar ƙera siffofi masu tsawo da faɗi da zurfi a kwamfuta, ina gina gidan ƙasa irin na cikin birni, da zaure da zankwaye. Na ɗauki hoton wata katanga a unguwarmu na lulluɓe ginin da shi, sai ya fito da layi-layi kamar an jera tayil, tabo ɗaya yana ta maimaituwa. Abokaina sun ce sai na sayi Photoshop ko Substance. Kwamfutata ba ta da ƙarfi, kuɗin ma babu. Wace manhaja zan kama? Daga wani ɗalibi a Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka sayi komai tukuna. Aikinka ya lalace ne tun ranar da ka ɗauki hoton, kuma GIMP da Krita, manhajojin gyaran hoto da zane waɗanda duk kyauta ake sauke su, sun isa su gyara shi.

Hoton da ake lulluɓe gini da shi, wanda 'yan sana'a ke kira tekscha, ni fata nake ce masa. Blender jera wannan fata yake yi gefe da gefe har ta cika katanga. Idan gefen dama ya ɗan fi na hagu haske, duk inda suka haɗu sai layi ya fito, kamar tela ya haɗa ƙyalle biyu da ba a rina su tare ba. Don haka maganar farko ta haske ce.

Kada ka ɗauki hoton katanga rana na dukanta. Ranar Kano tana sa kowane ɗan rami a jikin yaɓe ya yi baƙar inuwa, inuwar kuma ta zauna a cikin hoton har abada. In ka kunna fitilarka a Blender daga hagu, inuwar hoton tana nuna cewa rana tana dama, ido kuwa ba ya yarda. Ka je da sassafe, ko ka nemi ɓangaren da ke cikin inuwa gaba ɗayansa. Lokacin hunturu muna da sa'a a nan, domin ranar da hazo ya rufe gari haske yakan bazu daidai a ko'ina, irin wanda masu situdiyo ke kashe kuɗi su samar. Ka tsaya daidai gaban katangar, kada ka karkace, ka ɗan ja baya, daga baya ka yanke tsakiyar hoton, tunda gilashin kyamarar waya yana lanƙwasa gefuna. Ka kuma auna faɗin wurin da ka ɗauka, ka rubuta. In mita 2 ne, a mita 2 za ka shimfiɗa shi, in ba haka ba ciyawar da ke cikin yaɓen ta fito kamar karan dawa. Kuma ka yi wa mai gidan sallama kafin ka ɗaga waya.

Na taɓa faɗawa irin ramin da ka faɗa. Wata katanga ce a wajen Ƙofar Na'isa, jan yaɓe mai shatin yatsun magini, ina ganinta na ji ta shiga raina. Ban lura ba ashe akwai baƙin layi siriri inda ruwan indararo yake gangarowa. Da na shimfiɗa hoton a doguwar katanga, sai ga layin nan a jere kamar sojoji a fareti. Ka riƙe wannan: duk abin da ya fi jan ido a hoto, tsaga ce ko tabo ko rubutun gawayi na yara, shi za ka fara cirewa. In kana sonsa, ka ajiye shi a wani hoto daban, ka liƙa shi wuri ɗaya a jikin ginin.

Yanzu ka buɗe GIMP. Ka yanke hoton ya zama murabba'i, fiksel 2048 kowane gefe, wato ƙananan ɗigon da suke haɗuwa su zama hoto. Ka bi Filters, Enhance, High Pass, ka daidaita shi har bambancin haske tsakanin gefe da gefe ya kwanta. Launi zai ɗan dushe, sai ka maido da shi da hannu. Daga nan Layer, Transform, Offset, ka danna maɓallin da ke matsar da hoton da rabin faɗinsa da rabin tsayinsa. Gefunan da suke ɓata maka aiki za su dawo tsakiya, su yi layi biyu da suka gitta juna. Nan ne ainihin aikin. Ka ɗauki Clone da Heal, kayan aikin da ke kwafo wani ɓangare na hoto su shafa shi a wani wuri, ka riƙa kwafo yaɓe daga wurare dabam-dabam kana rufe layin, da buroshi mai taushin baki, kana canza inda kake kwafowa akai-akai. GIMP yana da Tile Seamless da ke yin wannan da dannawa ɗaya, amma ba na so: gauraya gefuna yake yi, hoton ya fito dishi-dishi. Rabin sa'a da hannunka ya fi shi kyau nesa ba kusa ba.

Krita kuwa ta masu zane ce, kuma akwai abu ɗaya a cikinta da nake ƙauna ƙwarai. A ƙarƙashin View akwai Wrap Around Mode. Kana kunna shi sai hoton ya jeru ta kowace fuska, kana zane kana ganin maimaituwar a gabanka, buroshin da ya fita ta dama ya shigo ta hagu. Ko a GIMP ka gama gyara, ka kawo nan ka ja da baya ka duba, tabon da ya ɓoye zai tona kansa. Dagi da sauran zanen da ake yi a fuskar zaure a nan za ka zana su, baƙi da fari, fari inda ya yi tudu, baƙi inda ya yi kwari. Ka je Gidan Makama ka zauna ka kalli yadda zanen yake kauri da rashin daidaito na hannu, domin layin da ya miƙe sak kamar an ja da rula yana kashe ginin ƙasa.

Substance, gaskiya, babbar manhaja ce. Wani kamfanin Faransa mai suna Allegorithmic ne ya yi ta, Adobe ya saye shi a 2019, masu wasannin bidiyo da yawa da ita suke aiki. Sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi, kuma hoto mai baƙar inuwa ko a can sai an gyara shi. Photoshop ma biya ake yi wata-wata, kuma wanda ake zuba wa mutane ta bayan fage sau da yawa da ƙwayar cutar kwamfuta yake zuwa.

Tunda kwamfutarka ba ta da ƙarfi, kada ka yi kwaɗayin hoto mai fiksel 4096. Ninki huɗu ne na 2048 wajen cin ƙwaƙwalwa, kusan megabait 64 maimakon 16, kuma a katangar da ake hange daga nesa ba wanda zai ga bambanci. Ka adana a PNG, domin JPEG yana zubar da wani abu duk lokacin da aka sake adanawa. Idan kana son yaɓen ya yi tudu da kwari, GIMP yana da Normal Map a ƙarƙashin Filters, Generic, wanda ke fitar da wani hoto da ke nuna wa Blender inda tudu da kwari suke. Da ka shigar da wannan hoton a Blender, ka mayar da Color Space ɗinsa Non-Color, in ba haka ba haske zai riƙa faɗa wa katangar a karkace ka yi ta neman laifin a inda ba ya nan.